Ƙarfen Tsakar Ɗakin Ƴar Inna

Tun da na dawo daga Faransa ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na je suna, tambaya. In na je ta'aziyya, da an shafa fatiha sai wata ta matso tana raɗa mini, wai da gaske ne na yi rawa a ƙasar Turawa? Hajiya Rabi har gida ta biyo ni da ƙwaryar fura, wai barka da sauka, alhali labari ta zo ɗauka. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta in huta da maimaici. Rawa dai na yi ta, ko in ce na gwada. Amma ku bari in faro daga ƙofar gida.

Ga wanda bai san ni ba, malamar lakkwal ce ni, na zagaye ƙauyukan Damagaram ina koyar da ƴaƴan mutane har na ajiye alli. Wadda na je gani a Lyon ƴar farina ce. Kun san al'ada, ba na kiran sunanta. "Ke" nake ce mata, in ba ta nan in ce ƴar Inna. Ranar da aka yaye ta mahaifiyata Inna ta goya ta ta tafi da ita, a ɗakinta ta girma. Ta taso ta ji ƙannena suna ce mini Yaya, ita ma ta bi sahu. Ba wanda ya ga aibu a nan, haka Inna ta yi da yayanmu, kunya ce kuma ado ce ga mace. Sauran ƴaƴana na goya su, na yi musu kitso, na ja musu kunne. Ita kuwa daga nesa nake kallonta tana girma.

Ta tafi karatu, ta gama, ta samu aiki a wani ɗakin binciken magunguna. Kowace shekara tana zuwa hutu, ta sauka ɗakin Inna, su yi ta hira ina jiyo dariyarsu daga tsakar gida. Bara Inna ta rasu, kafin labari ya iske ta an riga an kai Inna makwancinta. Hutu ya zo ya wuce ba ta zo ba. In ta kira talho mu gaisa, ta ce lafiya lau, in ce lafiya lau, sai shiru, har ɗayanmu ya ce sai an jima. Nan na gane igiyar da ta ɗaure yarinyar nan da gida Inna ce, kuma mun binne ta. Na ji tsoro, tsoron kada in mutu ban sake ganinta a tsakar gidanmu ba. Na ce zuwa da kai ya fi aike.

Maganar biza kada ku tambaye ni, ta wuce, Allah kada ya maimaita. Na hau kar daga Damagaram zuwa Yamai kusa da wata ƴar kasuwa Bamaraɗiya wadda bakinta bai huta ba, in ba ci ba magana. Ta ci ƙwai a Maraɗi, ta ci tsire a Ƙonni, ta ci kaza a Dosso, tana ba ni shawarar zaman Turai ita da ba ta taɓa wuce Kwatano ba. Jirgi ya ajiye mu Kazablanka mu jira wani. A can na shiga yin alwala na tarar da famfo ba abin murɗawa. Na lalube shi sama da ƙasa, har wata tsohuwa Balarabiya ta kama hannuna ta tura ƙarƙashinsa, ruwa ya zubo da kansa. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

A filin jirgin Paris ɗan duwan, mai binciken kaya, ya ce in buɗe akwati. Ya ciro kilishin da na sa aka yi mini na musamman, ya ciro cuku, ya ajiye su gefe. Na gyara tsayuwa na yi masa bayani da faransancin da na yi shekaru ina koyarwa, irin muryar da ke sa aji ya yi tsit. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce faransancina ya fi nasa tsabta, amma nama da nono ba sa shiga. Ya buɗe gwangwanin man kaɗe ya shinshina, ya ce matarsa ma tana shafa shi, ya mayar mini. Ya ɗaga wani tsohon zane baƙi mai ratsin shuɗi, na ce na mahaifiyata ne, ya ninke shi da kyau ya mayar inda yake. Don wannan ninkin na yafe masa kilishi.

Ɗan baffana Malam Isuhu ne ya tarbe ni. A Rungis yake aiki, babbar kasuwar abinci da ke ciyar da Paris, inda ake kwana ana sauke kaya. Da ya ji labarin kilishi ya yi dariya ya ce naman da yake ɗauka a kafaɗa kafin gari ya waye ya ishi unguwarmu layya, amma ko yanka ɗaya bai kai wanda aka ƙwace mini ba. Shi da rana yake barci, don haka gidansa a kan yatsun ƙafa ake tafiya, ana magana da raɗa kamar gidan mai jego. Matarsa Habsu ta tuƙa mini tuwon simul, wato garin alkama, da miyar kuɓewar da aka ciro daga ƙanƙara. Ba laifi, amma ba ƙamshin itace.

Mutanen Paris ba mugaye ba ne, rowar gaisuwa gare su. Na haɗu da wata maƙwabciya a matakala na tambaye ta gida da yara da gajiya, ta dube ni kamar na roƙe ta gishiri. A metiro kuwa Habsu ta ce in kama ƙarfen da ke tsakiya, na ce ba zan taɓa abin da duniya ta gama damuƙa ba. Jirgi ya fizga, sai ga ni, Hajiya guda, zaune a cinyar wani saurayi mai ɗan kunne a hanci. Ya ce, "Ba komai, Madam," ya bar mini kujerar. Daga ranar na kama ƙarfe, ban san somin taɓi ba ne.

Ranar da zan wuce Lyon Habsu ta raka ni gar, tashar jirgin ƙasa. Muna jira ta ce mini ƴar tawa ta daina zuwa taron ƴan Nijar, ko na Sallah ba a ganinta. Na ce aiki ne ya yi mata yawa. Na shiga jirgin ƙasan nan mai gudu kamar an koro shi, gonaki suna wucewa ban ga ko ɗaya ba, maganar Habsu nake juyawa.

Na hango ta kafin ta hango ni. Ta rame, ta yi tsayi a idona, kafaɗunta sun buɗe. Kewaye da mu mutane suna ta rungumar juna suna sumbatar kumatu, wata uwa har da ɗaga ƙatuwar ƴarta sama. Tawa ta rusuna ta ce, "Yaya, sannu da hanya," ta karɓi akwati. Na ce, "Ke, kin rame." Hannuwana suna cikin mayafi, na damƙe ɗaya da ɗaya don kada su yi abin da ba a koya musu ba.

A Vaulx-en-Velin take zaune, ƙarshen layin metiro, sannan a ɗan hau bas. Dogon bene ne, Larabawa da Turkawa da baƙaƙe irinmu, kowace ƙofa da irin ƙamshin girkinta. Ɗakin tsaf, sai dai a tsakiyar falon akwai wani ƙarfe mai sheƙi, kaurinsa kamar taɓarya, ya tashi daga daɓe har rufi. Na ce a raina, Turawa ma ashe suna tokare rufin da ya tsufa. Na ɗaura igiya daga jikinsa zuwa taga, na samu wurin shanya.

Da yamma na ciro zanen Inna na miƙa mata. Ta karɓa, ta kai shi hanci, sai ta miƙe ta shiga wurin wanka ta saki famfo. Ruwan bai rufe abin da take so ya rufe ba. Ina zaune ina ji, tsakanina da ƙofar taku kaɗan ne, ban tashi ba. Da ƙanwarta ce da tuni kanta yana cinyata. Haka muka yi kwanaki, ta tafi aiki da safe, ta dawo mu ci abinci, ta tambaye ni ko akwai abin da nake so, in ce babu. Kamar mutum biyu da ke jiran likita.

Sai na fara ganin tabo. Baƙi-baƙi a damtsenta, a bayan ƙafarta, a gwiwa. Ta zo tana tsallake igiyar shanyata, wandonta ya ɗage, na ga wani babba a ƙwauri. Na ce a raina wani ke dukan yarinyar nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye, amma abinci ya daina wuce mini.

Ranar Asabar da hantsi na fita kasuwar unguwa, na isa bakin bas na tuna na bar jakar cefane. Na koma na buɗe ƙofa. Igiyar shanyata tana ƙasa, ƴar Inna kuwa tana can kusa da rufi, kai a ƙasa ƙafa a sama, ta naɗe ƙarfen nan da cinyoyinta. Na yi salati. Ta sulalo a hankali ta tsaya, ta jawo zane ta ɗaura, idonta a daɓe. Na san abin, ba a ƙauye aka bar ni ba, na taɓa gani a talabijin, kuma ba a wurin kirki ba. Na ce, "Ke, mene ne wannan?"

Ta ce, "Motsa jiki ne, Yaya. Akwai wurin da nake zuwa koyo, mata ne zalla, akwai malama. Bon, na san yadda za ki ɗauke shi." Sannan ta ce, "Tun da Inna ta tahi ba ni iya kwana. Nan ƙasar sai ki yi wata ba wanda ya taɓa ko hannunki. Can kaɗai ne wata ke tsayawa bayana ta ce in saki jiki, ba za ta bari in hwaɗi ba."

Faɗan da na tanada ban yi shi ba. Ba kunya na ji ba, ba fushi ba, kishi na ji, kishin wata Baturiyar da ban taɓa gani ba. Na ce likita ya daɗe yana mini surutun motsa jiki saboda suga, don haka ranar da za ta koma da ni za a je. Ta ɗago ta dube ni sosai, ta ce to.

Na san abin da ke ranki, Hajiya Rabi. E, ana yin wannan rawar a wuraren banza. Kalangu ma ana buga shi inda ni da ke ba za mu je ba, bai hana mu juyi a bikin ƴarki ba. Wurin da muka je wani zaure ne a ƙasan bene, labule a rufe, madubi ya cika bango, ƙarafa a tsaye jere. Ajin ƴan koyo aka kai ni. Akwai ɗalibai, akwai mai tuƙa bas, akwai wata Zohra ƴar Aljeriya mai jikoki, wadda ta ce ta zo ne don ta iya ɗaukar jikanta ba tare da bayanta ya riƙe ba. Yawancinsu gajerun wanduna suka sa, don fata ce ke kama ƙarfe, tufa zamewa take. Ni dai dogon wando na sa da riga har gwiwa, na tamke ɗankwali. Malamar, Madam Sandrine, guntuwa ce mai damatsa kamar na mai dakan gero. Ta ce shigata ta yi, in naɗe hannun riga kawai. Na lura "Zu" take ce wa ƴata, a sauƙaƙe, kamar ita ta raɗa mata.

Ga inda aka samu matsala. Sanyin ƙasar ya busar mini da fata na yi furu-furu, kuma ƴar Damagaram ba ta shiga mutane da ƙwauri fari. Kafin mu fito na shafe jikina da man kaɗe tun daga wuya har tafin ƙafa. Ashe babbar dokar wurin ke nan, ba a shafa mai ranar darasi, kuma ba wanda ya gaya mini, tunda ni da mai gaya mini ba ma doguwar magana. Aka ce mu kama ƙarfe da hannu biyu mu ɗage ƙafa. Na kama, na ɗage, na tafi suuu har ƙasa kamar tarwaɗa, na zauna daɓas. Zohra da muke raba ƙarfe ɗaya ta zo ta kama, ita ma suuu, ta sauka kusa da ni. Madam Sandrine ta shafa ƙarfen ta shinshina yatsunta, ta ce, "Karite!" Wato man kaɗe. Aka kawo tsumma da alkol aka shiga goge-goge, ni kuma aka tura ni in wanke hannuwana da sabulun wanke-wanke.

Ina juyowa na ji dariya. Ƴar Inna ce ta durƙushe a gefe, hannu ɗaya a ka, hawaye na zuba, tana jan numfashi tana sake fashewa. Dariyar Inna ce sak, wadda na saba jiyowa ta bango. Ban taɓa zama dalilinta ba sai ranar. Da na san haka take da sauƙin samu da na zo da man kaɗe tulu guda.

Na ci gaba da zuwa. An koya mini zagaya ƙarfe a kan yatsun ƙafa, kafaɗa a ƙasa, ƙirji a buɗe. An koya mini in maƙale shi da gwiwa in juya sau ɗaya in sauka a tsaye. Damƙa dai ina da ita, hannun da ya yi daka ba ya mantawa, amma sauran jikin ya nuna mini ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na gwammace kiɗa da karatu. Washegarin darasi a zaune nake sallah, tsefe kai ma sai da dabara, ni ma na yi tabona a ƙwauri. Wata Lahadi ta ga ina fama da ɗaura ɗankwali, ta ɗauko gwangwanin mai laifin nan, ta tsaya bayana ta shiga murza mini kafaɗu. Na roƙi Allah kada ciwon ya yi saurin warkewa.

Darasina na ƙarshe an haɗa mu da ajinsu. Akwai wani abu da ta yi watanni tana koyo ya ƙi: ta hau sama, ta harɗe ƙarfe da ƙafafu, ta saki hannuwa biyu ta kwanta baya a iska. Ƙarfi tana da shi, sakin ne ya gagara. Madam Sandrine ta shimfiɗa katifa, ta durƙusa daga gefe ta tallafe mata ƙugu, sannan ta yafito ni. Ta ce in tsaya baya in tara hannuwana daidai inda kanta zai sauko, in yi mata magana don ta san inda nake, tunda ba za ta gan ni ba.

Ta hau. Ta harɗe ƙafafu. Ta saki hannu ɗaya, ɗayan ya ƙanƙame ƙarfe har jijiyoyi suka fito. Ina ganin ƙeyarta tana rawa.

Na ce, "Ke, saki."

Ba ta saki ba. Ƙafafunta suka fara karkarwa, Madam Sandrine ta ce in ba ta shirya ba ta sauko, wata rana a sake. Ni kuwa ba ni da wata rana, jibi jirgina zai tashi. Na dubi matan nan, ba wadda ta san al'adarmu balle ta ce na yi rashin kunya.

Na ce, "Zuwaira. Saki, ina nan."

Ta saki. Ta taho a hankali, a hankali, har kanta ya sauka cikin tafukana, da ɗuminsa da guminsa. Rabona da riƙe kan nan tun tana shan nono. Ta buɗe ido ta gan ni a juye, hawaye suna gangara mata ta goshi. Matan suna ta tafi, su a ganinsu an iya darasi.

A gar ta rusuna kamar yadda ta saba, ni kuma na ciro hannuna daga mayafi na ɗora mata a ka, na daɗe ban ɗauke ba. Paris, Kazablanka, Yamai, ban riƙe komai na hanyar dawowa ba. Ga ni a gida, suga ya ɗan sauka, tabon ƙwaurina ya baje, kuma ina kewarsa. Wani lokaci in na zo wucewa ta rumfa sai in kama ginshiƙinta in tsaya, jikokina suna kallona. A gabanku har yanzu ƴar Inna nake cewa, bakin da ya saba ba ya sakewa rana ɗaya, kuma kun ga a takardar nan ma sau ɗaya na iya rubuta sunanta.

Ran Juma'a ta kira. Mun gaisa, shirun nan namu ya zo, amma ba wanda ya ce sai an jima. Ta ce ta nemi hutu, za ta zo Babbar Sallah. Na ce to bari in sa a buɗe ɗakin Inna a share, ya daɗe a rufe.

Ta ce, "A bar ɗakin Inna, Yaya. Ɗakinki zan sauka."

Sallah da sauran watanni, amma na riga na matsar da akwatunana gefe guda.